Yadda Ɗelu Take Shanya Zare

Madarumfa, Juma'a 12 ga Mayu 2023

Zuwa ga jikata Zulai, a Kano.

Ina yi maki sallama, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Mu nan lafiya lau, ni da matata Saratu, sai bazara da ta shanye mana rabin tabki. Allah ya sa ke ma lafiya takardar nan ta iske ki.

Na san kina jujjuya ta kina cewa wane ne kuma wannan. Ni ne Ɗanlami mai taru. Ubana da uban kakarki Ɗelu wa da ƙane ne, kuma a hannun Ɗelu na tashi bayan uwata ta rasu. Ke nan ni kakanki ne, ko kin so ko kin ƙi. Sau biyu kacal kika taka garin nan. Na ƙarshe kina shekara bakwai, da marigayi ubanki ya kawo ku daga Yamai. Kin zo da farin takalmi, kin koma da shi ja.

Adamu direba, mai bin hanyar Maraɗi zuwa Kano ta Ɗan Issa, shi ya ɗauko ki kwanaki, ya ji sunan ubanki a bakinki, ya kawo mani labari. Ya ce babban karatu kike yi, wai a kan roba. Na ce robar me, ta takalmi ko ta bokiti? Ya ce shi ma bai gane ba. To ni ina son in gane.

Kada ki ce za ki kira ni a salula. Kunnena ya yi nauyi, in ana magana a ciki sai in ji kamar sauro ya shiga tulu. Amma na yi karatun manya na yamma shekara uku, ina da bik, wato biro, ina da kaye, wato littafin rubutu, hannuna kuma bai mutu ba. Ga bandar tarwaɗa nan Saratu ta ƙunsa maki, ki ci ki tuna kina da dangi a bakin ruwa.

Kakanki,
Ɗanlami

Kano, 28 ga Mayu 2023

Zuwa ga Kaka Ɗanlami.

Na amsa sallamarka. Ina gaishe ka, ina gaida Kaka Saratu, da fatan zafi ya yi sauƙi. Ni lafiya ƙalau, sai gajiya.

Wallahi na tuna takalmin nan. Banda ta iso, kuma ban san wa kowa ba. Tun rasuwar Baba ba wanda ya aiko mini da ko tsinke daga wajen danginsa. Ina ci hawaye na zuba, ban ma san dalili ba. Na gode, Kaka, Allah ya saka da alheri.

Robata ba ta takalmi ba ce. Ka san da roba ake naɗe wayar kuran, wato lantarki, don kada ta kama mutum. To akwai wata iri da ake haɗawa a labo, wato ɗakin gwaje-gwajenmu, wadda ita kanta wuta tana bin jikinta. Ruwa-ruwa take, shuɗiya mai duhu kamar baba. In na zuba ta na busar, sai ta zama siririyar fata, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. In gefenta ɗaya ya yi zafi, ɗayan yana da sanyi, sai ƴar wuta ta soma gudu a ciki. Fatan masu wannan aiki shi ne wata rana zafin da ake asara, ko da na murhun bandarka ne, ya zama kuran.

In an duba cikin fatar da na'ura, zarurruka ne dogaye waɗanda ido ba ya gani. In sun kwanta gefe da gefe, wuta ta bi su ta wuce. In sun cukurkuɗe, sai ta yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, rabinta ya ɓace a hanya. Inda wahalar take, zafi ma hanyar yake son bi. In ya ƙetara, gefen biyu sun zama ɗaya, wuta ta tsaya ke nan. Ni kuwa so nake wuta ta wuce, zafi ya tsaya.

Sau ɗaya na taɓa samun haka, a Agustan bara. Fata ɗaya tak. Malamina ya yi murna, ya gaya wa kowa. Daga nan na yi fiye da ɗari biyu, ba wadda ta kama ƙafarta. Yanzu ya kira ni, ba da faɗa ba, ya ce in ban sake yin irinta ba kafin ƙarshen Oktoba, ba zai sa hannu a kundina ba, don abin da ba ya maimaituwa ba a karɓarsa. Shekara huɗu ke nan za su tafi a banza, in koma Yamai hannu rabbana. Har akwai masu yi mini kallon wadda ta yi ƙarya. Ko Mama ban gaya wa ba, kai na fara gaya wa, watakila don kana nesa.

Ka sa ni a addu'a.

Jikarka,
Zulai

Madarumfa, Juma'a 23 ga Yuni 2023

Zuwa ga jikalle.

Gaisuwa da fatan alheri. An yi ruwan shuka, alhamdu lillahi, kowa ya watse gona. Saratu na fama da gwiwa amma bakinta lafiya lau. Barka da sallar layya tun kafin ta zo.

Takardarki sau huɗu na karanta ta. Ke kuwa ƴar birni, duk wannan dogon bayani, ai taru kike nema. Ruwa ya wuce, kifi ya tsaya. Shekara hamsin ina wannan aiki, ashe ni ma babban karatu nake yi ba a gaya mani ba.

Addu'a muna yi. Amma ina da tambaya biyu. Ta fari, yaya kike shanya fatar nan? Ta biyu, ranar da ta yi kyau, me ya faru a ranar wanda bai faru sauran ranaku ba? An yi ruwa? Kin makara? Kin manta wani abu? Mu in muka kama kifi fiye da kullum, ba ma cewa sa'a ce mu yi shiru, sai mun tuna daga ina iska ta huro.

Abin da ya sa na tambaya, kafin zuwan zaren nilan, Ɗelu ke kaɗa mana zaren taru. Mata da yawa na kaɗi a unguwarmu, kaɗa, wato auduga, iri ɗaya, mazari iri ɗaya. Amma zaren Ɗelu sai ya yi shekara uku a ruwa, na wasu damina ɗaya ya ruɓe. Bambancin ba a kaɗi yake ba, a shanya yake. In kina so in gaya maki yadda take yi, ki ce.

Na ba majalisarmu ta bakin tabki labarinki. Na ce jikata za ta hiddo mana kuran daga murhun banda. Musa mai gora har ya ce a fara da gidanshi, wai matarshi na son firigo na sanyaya ruwa.

Kakanki mai ji da ke,
Ɗanlami

Kano, 21 ga Yuli 2023

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan kun yi salla lafiya.

Ban ce zan kawo wa kowa kuran ba. Fatar da ta fi kowace kyau ma ba za ta kunna ko ampul, wato ƙwan fitila, ɗaya ba, allurar na'ura kawai take motsawa. Yanzu ga mutanen gari guda suna jiran abin da ban da shi, bayan wanda nake ɗauke da shi a nan. Don Allah ka gaya wa Malam Musa ya daina sa rai.

Maganar shanya kuwa, akwai ƙa'ida. Minti goma a kan rishon lantarki, da zafin da masana suka rubuta. Haka na yi ranar nan, haka nake yi kullum, yana rubuce a kayena. Wannan ba aikin taru ba ne, Kaka. Mutanen da suka yi shekara talatin a kai ba su gano ba, ba a zaren kaɗa za a gano ba. Wata uku ya rage mini, jiya ma fata goma sha biyu na zubar. Ka bar ni da abin da ke damuna.

Zulai

Kano, 19 ga Agusta 2023

Zuwa ga Kakana Ɗanlami.

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Kaka Saratu. Tunda aka rufe iyaka hankalina yana wajenku. Na ji an ce kuran ma ya yi wuya a can. Adamu bai sake zuwa ba, don haka na ba wata ƴar kasuwa mai suna Fati wannan takarda, ta ce tana bin hanyar daji a babur. Ban sani ba ko za ta iso.

Wata guda ke nan da takardata ta baya, ban ji daga gare ka ba. Ina gaya wa kaina iyaka ce, amma na san abin da na rubuta. Ka aiko mini da kifi da zumunci, na mayar maka da rashin kunya. Ka yafe mini don Allah.

Kuma ba rashin kunya kaɗai na yi ba, har da ƙarya, ko da yake kaina na fara yi wa. Tambayarka ta hana ni sakat, sai da na zauna na tuna ranar nan. Juma'a ce da yamma. Ina zuba ruwan robar aka ɗauke wuta, risho ya mutu tun bai yi zafi ba. Ina sauri in sami mota kafin hadari ya sauko, sai na bar ta nan na tafi. Ranar Litinin na tarar ta bushe da kanta. Kunya ta hana ni rubuta cewa sakaci na yi, sai na rubuta minti goma kamar kullum. Da ta yi kyau aka yi ta yabona, sai na kasa gyarawa, har ni ma na yarda da abin da na rubuta.

Na gwada barinta ba wuta sau tara. Amma cikin sa'a ɗaya take bushewa, kuma ba ta fi sauran ba. Akwai abin da na manta na ranar, na rasa ko mene ne.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe a raina. Zuwanmu na ƙarshe, Kaka Ɗelu ta gutsuro tuwo da hannunta za ta ba ni a baki. Hannun baƙi ƙirin, har cikin farce. Na kau da kai, na ce ƙazanta, a gaban kowa. Baba ya ɗaga hannu zai mare ni, ta tare. Ba ta sake shekara ba ta rasu. Da ka ambaci zarenta, abin da ya taso mini ke nan, shi ya sa na yi maka tsawa. Me ya baƙanta mata hannu haka? Ban taɓa tambaya ba.

In har yanzu kana son gaya mini yadda take shanya zare, ina so in ji.

Jikarka mai neman gafara,
Zulai

Madarumfa, Juma'a 1 ga Satumba 2023

Zuwa ga Malama Zulai.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Gero ya yi kai, tabki ya cika.

Takardarki ta watan Yuli ita ce ta ƙarshe da na gani. Na ji, ba aikin taru ba ne. Na gaya ma Musa, a gaban mutanen da na yi alfaharin a gabansu, cewa ni ne ban fahimta ba. Sun yi dariyarsu sun gama. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ba zan ɓoye maki ba, na ji zafi. Kwana goma ban taɓa bik ba. Saratu ce ta ce tsoho da fushi da jika abin kunya ne, kuma yarinyar da ta rubuta haka tsoro ke cinta, ba raini ba. Ni dai ban ce na yarda ba. Amma na tahi kasuwar Safo a amalanke na samo kaɗa, Saratu ta hiddo mazarin da ta yi shekara ashirin ba ta taɓa ba, ta kaɗa da yatsun nan nata da suka sandare. Na murza, na jiƙa a ruwan bagaruwa, na raba uku, na yi ma kowanne ƙulli na shaida. Tunda baki bai isa ba, ga zaren nan ya yi magana.

Mai ƙulli ɗaya, a rana na shanya shi, kafin la'asar ya bushe. Haka yawancin mata ke yi.

Mai ƙulli biyu, na rataya mashi babban dutse tun yana ɗigar ruwa. Haka masu gaggawa ke yi.

Mai ƙulli uku shi ne na Ɗelu. A ƙuryar ɗaki take rataye shi, inda ba rana ba iska. Ta aje kasko cike da ruwan bagaruwar a ƙarƙashinshi, ta saki jiƙaƙƙen asabari a ƙofa, ta hana kowa shiga. Ranar fari ba ta sa mashi nauyi ko kaɗan, ta ce a bar shi ya kwanta da kanshi. Rana ta biyu, in ta taɓa ta ji ba jiƙaƙƙe ba ne kuma ba busasshe ba, sai ta ɗaura ɗan dutse wanda bai wuce ƙwan zabo ba. Da yamma ta ƙara wani. Rana ta uku ta janye kaskon. Na taɓa ɗaga asabarin ina yaro don in leƙa, har yau ina jin dundun da na sha.

Ki ja kowanne da hannunki. Ki warware su ki duba da na'urarki in tana duba irin namu. In ba su yi amfani ba, ki ɗaure kayanki da su ranar komawa Yamai.

Adamu ya aje mota, amma yana bin babur zuwa Jibiya, shi zai san yadda za ta iske ki.

Ɗanlami

Kano, 5 ga Nuwamba 2023

Zuwa ga Kakana, abin alfaharina.

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum, ina gaida Kaka Saratu da yatsunta. Allah ya ba su lafiya.

Da na ga ka rubuta Malama Zulai, na san takardata ta Agusta ba ta iso ba. Da mari ka aiko da ya fi mini sauƙi. Ban ba da amsa da wuri ba don na rantse ba zan rubuta ba sai ina da abin faɗa.

Na ja zaren. Na farko ya tsinke nan take. Na biyu ya yi tauri, ina lanƙwasa shi ya karye. Na uku sai da ya yanke mini yatsa bai tsinke ba. Amma ba zaren ne ya tsayar da ni ba, kaskon ne. Ina karanta kasko sai na ga ranar nan a idona. Kafin in fita, na kifa wa fatar kwanon gilashi don kada ƙuda ya faɗa, kuma ɗan kofin da ke da sauran ruwan haɗin yana ciki, na manta ban ɗauke ba. Ashe ɗakin Kaka Ɗelu na gina mata ban sani ba. Kwana uku ta yi a cikin damshin ruwanta, zarurrukan suka sami lokacin kwanciya.

Na je na gaya wa malamina gaskiya, har ƙaryar da ke kayena. Ya ce in ja layi a kan ta, kada in yage shafin, in rubuta gaskiya a gefe da kwanan wata. Ya ce ya san ana busar da wasu robobi a cikin tururi, amma tunda kayena ya ce risho, bai taɓa kai hankalinsa can ba. Wato ni na ɓatar da mu shekara guda.

Na kifa kwano, na sa kofi. Fata shida, duka shida sun yi kamar ta bara. Daga nan na ce bari in bi dabarar Kaka Ɗelu har ƙarshe. Na zuba robar a kan leda mai miƙewa, rana ta biyu na rataya mata ɗan nauyi, da yamma na ƙara. Wuta ta gudu ninki biyar a kan ta bara, zafi kuwa kaɗan ya ƙaru. A na'ura sai ka ga gungu-gungu na zarurruka a jere, dogaye sun haɗa wannan gungu da wancan, a tsakani kuma akwai sauran cukurkuɗe. Wuta tana bin dogayen ta ƙetare, zafi yana maƙalewa a cukurkuɗen. Da na gwada babban nauyi tun tana jiƙe, sai ta tsattsage, daidai da mai ƙulli biyu.

Ran 27 ga Oktoba malamina ya sa aka auna a gabansa, wani ɗalibi ya bi rubutuna ya yi da hannunsa, ta fito. Zai sa hannu, Kaka. Ka gaya wa Malam Musa har yanzu ba firigo, amma jikarka ba maƙaryaciya ba ce, ko in ce ta daina.

Ban san da bakin da zan gode maka ba. A farkon kundi akwai shafin da ake rubuta wanda aka sadaukar wa aikin. Ka aiko mini da cikakken sunanka yadda yake a takardarka.

Jikarka,
Zulai

Madarumfa, Juma'a 1 ga Disamba 2023

Zuwa ga jikalle, mai kan kwakwa.

Gaisuwa mai yawa. Mun yi girbi lafiya, wake ya yi, gyaɗa ce ba ta yi ba. Alhamdu lillahi a kan labarinki. Saratu ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Takardarki ta Agusta ta iso bayan wata biyu da rabi, duk ta sha man gyaɗa, sai da na ɗaga ta a rana na karanta. Na yafe tun kafin ta zo, zaren nan ai shi ne yafewar, ke ce ba ki iya karatu ba. Abin da ya baƙanta hannun Ɗelu kuwa bagaruwa ce, shekara arba'in tana tsoma shi a ciki. Da wannan hannun aka sayi kayen ubanki na lakkol, wato makarantar boko.

Sunana ki bar shi. Yana kan katin zaɓe, yana kan takardar ƙungiyar masunta, ya isa. Ni ɗauko saƙo kawai na yi. Ɗelu ce ba a taɓa rubuta sunanta a takarda ba, ko sau ɗaya. Da masu ƙidaya suka zo, sunan mijinta suka rubuta, suka sa mace ɗaya a gefe. Sanda na koyi rubutu ta riga ta rasu. Kabarinta ma ni kaɗai na san wurin, kusa da wata kuka. In shafin nan na gaskiya ne, ki rubuta Ɗelu ɗiyar Hamza, mai kaɗin zaren taru, Madarumfa.

Maganar tuwon nan, ina wurin, na ji abin da ta ce bayan kun tahi. Ki gama tukuna.

Kakanki,
Ɗanlami

Kano, 14 ga Afrilu 2024

Kakana,

Barka da salla, ina gaida kowa da kowa. Tunda hanya ta buɗe, ga Adamu da motarsa, na ce ba zai tafi hannu sake ba.

Na kare kundina ranar Talata kafin azumi ya ƙare, an karɓa. Ɗaya daga cikin malaman da suka zo ya tambaye ni inda na samo dabarar ƙara nauyi a rana ta biyu. Na ce ya buɗe shafin farko. Ga kwafin shafin nan na sa maka, yadda ka faɗa haka na rubuta, ban ƙara ko wasali ba. Na sa maka da fata ɗaya a cikin leda, ka riƙe ta a hankali.

Ina nan zuwa bayan ruwan farko, in ka yarda ka kai ni wajen kukar nan. Sai dai kada ku yi mini dariya. Watannin nan safar hannu ta yi ta yagewa wajen ɗaura nauyi, shuɗin robar ya shige mini ƙarƙashin farce da layukan yatsu. Na wanke da sabulu, na goge da lemon tsami, ya ƙi fita sosai.

Yanzu na gama. Me ta ce?

Zulai

Madarumfa, Juma'a 26 ga Afrilu 2024

Zuwa ga jikata Zulai.

Gaisuwa da murna. Muna lafiya, muna jiran ruwa, muna jiran ki. Saratu ta riga ta ware zabon da za a yanka.

Shafin ya iso. Na kai shi majalisa bayan Juma'a na karanta da ƙarfi, ni da ba na jin muryata sosai. Tsofaffi uku a wurin sun taɓa jefa tarun zarenta. Musa ya amsa ya daɗe yana kallo, shi da bai san ko baƙi ɗaya ba, ya ce in nuna mashi inda sunan yake. Na aza yatsanshi a kai. Bai sake maganar firigo ba. Muka yi mata fatiha. Na gode, Zulai. Ban san ina ɗauke da wannan nauyi ba sai da kika sauke mani shi.

Ga abin da kika tambaya. Da motarku ta tashi, na iske ta zaune da kwanon tuwon, tana kallon hannunta. Na ce yarinyar nan ba ta da kunya. Ta ce kai ka san me? Ta ce ai abin da nake roƙo ke nan tun ranar da aka haife ta, Allah ya sa ta yi lakkol mai nisa, Allah ya sa hannunta kada ya taɓa yin irin nawa. Ta cinye lomar da kika ƙi, tana dariya. Ba ta riƙe ki ba ko na minti ɗaya, ke ce kika riƙe kanki shekara ashirin.

To ga shi lakkol kin yi mai nisa, hannu kuma ya yi irin nata. Rabin addu'arta aka amsa, kuma na san da tana nan da rabin da aka hana ta zai fi yi mata daɗi.

Ki bar lemon tsamin nan haka. In kin zo, ke za ki gutsuro mani tuwo.

Kakanki,
Ɗanlami